Awon Asuba na Yaya Alhusaini

Da wuya ka sami ɗalibin da ya sauka Alƙahira daga ƙasar Hausa a shekarun da nake can wanda ba fuskar Yaya Alhusaini ya fara gani a filin jirgi ba. Dogo ne, siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu saboda wata faɗuwa da ya taɓa yi a cikin ramin bututu. Ni ma shi ya tarbe ni, ina 'yar shekara goma sha tara, ina sharɓar kuka don akwatina bai fito ba. Shi ya bi ofis-ofis da Larabcinsa na kasuwa har aka zaƙulo akwatin. Shi ya kai ni gidansa a unguwar Ainu Shams, matarsa Anti Hauwa ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, sannan ya samo mana ɗaki ni da wasu 'yan mata biyu a hawa na shida na wani tsohon bene. Mahaifina da ya kira daga Bauchi ce masa ya yi, ga amana nan, idan ta yi ba daidai ba ka tsawata mata.

Mutumin Funtua ne, ɗan mai haƙar rijiya. Ya gama makarantar koyon sana'a ya shiga hukumar ruwa ta jiharsu a matsayin mai haɗa bututu, ya yi shekara goma sha shida a ciki. Ya san inda kowane makullin ruwa yake binne a garin, har waɗanda babu su a taswira. Amma duk shekara sai a kawo yaro sabon kammala jami'a a ɗora masa a ka, yaron da bai san ta ina ake kama sifana ba, shi kuma ya riƙa ce masa yallaɓai. Yana da shekara talatin da takwas ya samu hutun ƙaro karatu, ya tattaro mata da 'ya'ya biyu ya taho Masar neman takardar injiniya. Shekara ɗaya ta tafi a koyon Larabci, wata ta tafi a maimaita aji, domin lissafi ya ba shi wuya bayan dogon rabuwa da takarda. Haka muka tsinci kanmu a aji ɗaya da shi a wata kwalejin injiniya da ke gabashin birnin. A shekararmu ta ƙarshe wasiƙa ta zo masa daga hukumarsu. An riga an ƙara masa lokaci sau ɗaya, ba za a sake ba. Watan Yuni ya dawo bakin aiki, da takarda ko babu.

A zangon ƙarshen ne muka faɗa hannun Daktora Eman, mai koyar da tsara aiki da gudanar da shi. Bamisiriya ce gajera, tabarau rataye da igiya a wuya, ba ta ɗaga murya, kuma mun fi tsoronta a kan masu ɗagawa. Ita ba ta yin jarrabawar takarda. Tana raba aji gida-gida, mutum huɗu-huɗu, kowace ƙungiya ta ɗauki bincike na gaskiya a cikin gari ta kammala shi a mako goma sha biyu. Kafin ku taɓa komai sai kun zana mata jadawali a babbar takarda, wane aiki ne farko, wane ne ke jiran wane, wa zai yi, kwana nawa. Kowane aiki kuma yana da mutum biyu, mai yi da mai dubawa. Duk Alhamis mai dubawa zai sa hannu cewa ya duba, aikin makon nan lafiya yake. A ƙarshe kwamitin malamai uku zai saurare ku. Ƙungiyar da ta faɗi sai baɗi.

Mu huɗu Hausawan ajin muka haɗe, ba tare da wani ya ce mu haɗe ba: Yaya Alhusaini, Khalilu ɗan Maraɗi mai jefa Faransanci a magana, Muslim ɗan Kano sarkin surutu, sai ni Fiddausi, ƙaramarsu. Da aka zo zaɓen shugaba sauran ƙungiyoyi har faɗa suka yi, wasu suka jefa ƙuri'a. Mu ko rabin minti ba mu yi ba. Daktora ta tambayi dalili, Muslim ya ce, shi ne babbanmu. Ta dube mu ta saman tabarau, ta rubuta sunansa.

Gaskiya kuma ya cancanta. Shi ya kawo batun binciken: mu auna ƙarfin ruwan famfo a benaye ashirin da huɗu na unguwar Arba wa Nus, inda 'yan Sudan da sauran baƙi suka cika, mu ga ko ruwa yana kaiwa hawa na sama, sannan mu ba da shawarar girman inji da tankin da kowane gida ke buƙata. Kwalejin ta ba mu aron geji, wani ƙarfe mai fuskar agogo da ake ɗaurawa a bakin famfo ya nuna ƙarfin ruwa. Khalilu ya ɗauki zanen gidaje, Muslim lissafi, Yaya ya ce awo nasa ne tunda aikinsa ne tun ana goyona. Ni aka sa mai duba masa. A jadawali muka rubuta cewa za a yi awo a lokacin da mutane suka fi jan ruwa. Ba mu rubuta ƙarfe nawa ba, muka bar wa mai gwaninta.

Shi kuwa a wajensa wannan ba tambaya ba ce. Shekara goma sha shida yana ganin mata da yara sun yi layi a bakin famfo daga an sallame Asuba, ana wanka, ana wanke-wanke, ana ɗora kunu. A Funtua rububin ruwa da sassafe ake yi. Don haka kullum daga masallaci sai ya hau maikrobas, ƙaramar motar haya, zuwa Arba wa Nus, ya tashi mai gadi, ya hau bene biyar ko shida da gurguwar gwiwarsa, ya ɗaura geji a famfon rufin gida, ya rubuta, ya sauko. Kafin ƙarfe bakwai da rabi ya gama, kuma kowane gida sai ya maimaita shi kwana biyu ko uku kafin ya wuce gaba.

Amma Alƙahira ba ta tashi da wuri. A lokacin da yake awon nan rabin unguwar barci take. Sai yamma ta yi, ma'aikata sun dawo, an ɗora girki, injin wanki ya tashi a kowane hawa, kowane gida ya kunna motor ɗinsa, wato injin jan ruwa, yana zuƙar ruwa daga bututu ɗaya, a nan ne na sama ke rasa ko ɗigo. Shi bai san haka ba, domin tunda ya zo a hawan ƙasa yake zaune saboda ƙafarsa, famfonsa bai taɓa ƙafewa ba. Ni kuwa 'yar hawa na shida, shekara biyar ina tashi da Asuba ina cika bokitai, don na san daga La'asar famfonmu sai dai ya yi ta huci.

Tun Alhamis ɗin farko na gani. Ya miƙo mini takardar, rubutu tsaf, ga lamba, ga rana, ga lokaci: shida da kwata, shida da rabi. Na ɗaga ido na dube shi, yana murmushi yana shafa gwiwa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, sannu da ƙoƙari, Yaya. Na sa hannu.

Na gaya wa kaina mako mai zuwa zan faɗa. Mako mai zuwa ya zo, takardun sun zama biyu, faɗar ta ƙara nauyi. Na samu Muslim a bakin tashar metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya ce shi ma ya lura, amma wallahi ba da shi ba, mutumin da ya kwana uku a asibiti a kansa lokacin da aka yi masa aiki. Khalilu ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila akwai hikimar da mu ba mu gani ba, ai ya fi mu sanin ruwa. Haushinsu ya kama ni, maza biyu da gemu, sai dai ni ɗin ma ba abin da na fi su da shi. A mako na biyar na gwada ta bayan gida. Muna cin abinci a gidansa na ce, Yaya, ka san a ɗakinmu da Asuba ruwa kamar kogi, amma da yamma babu. Ya ce, Alhamdu lillahi tunda kuna samu da Asuba, ki riƙa tara da yawa. Anti Hauwa ta ƙara mini miya. Na koma gida ina zagin kaina a cikin metro.

Sau takwas na sa hannu a takardar da na san ba daidai take ba.

Ranar Lahadi ta mako na tara Daktora Eman ta tsayar da ni bayan darasi, ta kai ni ofishinta, ta rufe ƙofa. Takardunmu takwas na shimfiɗe a kan tebur.

"Zauna, ya Fiddausi. A hawa na nawa kike zaune?"

"Na shida, Daktora."

"Ni na biyar. Bisa ga awonku, babu gida ko ɗaya a Arba wa Nus da ke da matsalar ruwa. Ya kamata in koma can da zama." Ta juyo da takarda ɗaya, ta ɗora yatsa a layin lokaci, sannan ta gangaro da shi ƙasa inda sunana yake. "Wannan hannun wa ne?"

Na ce nawa ne.

"Ni ma da laifina. Na ga sa hannu na yarda, ban karanta lokutan ba sai jiya. Ke kin karanta?"

Na ce na karanta. Ta tambaye ni me ya hana ni magana, na ce, Daktora, kamar uba yake a wajenmu, a wajenmu ƙarami ba ya cewa babba ka yi kuskure a gaban mutane. Ta ce su ma a nan haka ne, ta san abin sarai, kuma shi ya sa ta ƙirƙiro aikin mai dubawa. Na roƙe ta har da hawaye, ta kira shi ta faɗa masa da kanta, daga bakin malama ba zai ji zafi ba.

"A'a," ta ce. "Idan na faɗa, na gyara awon, ban gyara ƙungiyar ba. Gobe a wurin aiki ba ni nan. Alhamis za ki ba da rahoton mai dubawa a gabansu. Idan kuma kika sake sa hannu, zan kai aikin gaban kwamiti yadda yake. A cikinsu akwai wanda ya yi shekara talatin yana aikin ruwa a birnin nan. Minti biyu ya ishe shi. Kin san abin da hakan ke nufi ga mutuminku?"

Na sani. Ya koma Funtua yana ɗan shekara arba'in da biyar, bayan shekara bakwai a ƙasar mutane, ya ɗauki sifanarsa ya ci gaba da ce wa yara yallaɓai.

Kwana huɗun nan ba ni da tunanin da ya wuce Alhamis. Na tsani Daktora Eman, na ce a raina muguwa ce marar imani. Ranar Talata na tafi gidansu da niyyar in gaya wa Anti Hauwa ta isar masa. Na tarar da ita tana gasa masa gwiwa da ruwan zafi, tana yi masa faɗan hawan bene, shi kuma yana cewa saura gida uku ya huta. Na gaishe su na ce wucewa nake yi.

Alhamis ƙarfe goma muka zauna a ƙaramin ɗakin taro, jadawalinmu manne a bango. Khalilu ya ba da nasa rahoton, Muslim ya ba da nasa, kowa ya ce tamam, komai daidai. Yaya ya miƙo mini takarda ta tara da biro. Ban karɓi biron ba. Daktora daga bayan ɗaki ta ce, idan ya fi miki sauƙi ki faɗa da harshenku, ni sakamakon kawai nake so.

"Yaya," na ce, "ka yi haƙuri, ba zan sa hannu ba. Awon nan ba a lokacinsa ake yi ba. A garin nan da yamma ake rububin ruwa, daga La'asar zuwa bayan Magariba. Da Asuba kowa barci yake. Duk abin da muka tara ba zai yi amfani ba."

Muslim ya sunkuyar da kai yana ƙirga yatsun ƙafarsa. Na zaci Yaya zai yi gardama, ko ya ce yaushe aka haife ni. Bai yi ba. Ya jawo takardar ya daɗe yana kallonta, kuma na ga lokacin da abin ya shige shi, domin mutum ne da ya san ruwa. Ya ajiye biron a hankali.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun makon farko."

"Makon farko." Ya juya ga sauran. "Ku fa?"

Khalilu ya ce, Yaya, ma'alish, ka yi haƙuri, mun ji nauyi ne. Muslim bai ɗago ba.

"Nauyi kuka ji," ya ce. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. "Mako takwas ina hawa bene shida da wannan ƙafar kuna kallona. Kuna ce mini sannu da ƙoƙari. Kuna zuwa gidana muna cin abinci. Ke Fiddausi, har sau takwas?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Duk abin da muka ɗauka girmamawa ce, a bakinsa ya zama abin da yake: mun bar shi yana wahalar banza don kada mu ji ba daɗi na minti biyar.

Ya ɗauki geji ya fita. Muka bi shi a baya kamar waɗanda aka yi wa mutuwa. Ya jira har La'asar, ya hau gidan da ya auna da safiyar ranar, ya ɗaura geji a famfon rufi, ya buɗe. Allurar ko motsi ba ta yi ba, sai iska. Wata dattijuwa 'yar Sudan mai suna Amna, da ke shanya a wajen, ta ce ai kullum haka ne, ita ta ɗauka wannan bawan Allah mai zuwa da sassafe ya sani. Ya kwance gejin ya sa a leda.

Ranar Lahadi Daktora ta cire tsohon jadawalin daga bango, ta manna sabuwar takarda fara, ta ce saura kwana goma sha tara a gurfana gaban kwamiti, yalla, maza ku nuna mini abin da za ku iya yi da gaske, ba abin da kuke fata ba. Ta tambayi wa zai riƙe jadawali. Yaya ya nuna ni da baki ba tare da ya dube ni ba. Na ce Allah ya kiyaye. Daktora ta ce wannan ba sarauta ba ce kuma ba horo ba ne, takarda ce ke buƙatar mai kula da ita, in karɓi biro.

A ranar na fara fahimtar darasin da aka yi wata biyu ana koya mana. Rububin ruwa awa uku ne a rana. Geji ɗaya muke da shi, na biyun yana hannun wata ƙungiya. Kowane gida sai an auna ƙasa, tsakiya da sama, kuma sai an koma rana ta biyu a tabbatar. Da muka jera hakan sai ya fito fili, gida biyu a yini, kowanne kuma sau biyu, wato gida goma a kwana goma. Ashirin da huɗu ya zama mafarki. Muslim ya ce mu auna sau ɗaya kawai mu samu ashirin, wa zai sani? Na ce masa a'a a gaban kowa, har na yi mamakin kaina. Muka ware kwana biyar na lissafi da rubutu, wanda Muslim zai fara tun ana cikin awo maimakon ya jira a gama, kwana biyu na gwajin jawabi, muka bar kwana biyu babu komai a cikinsu. Khalilu ya ce asarar lokaci ce. Daktora ta ce a bar su.

Sai ga wata matsala da takarda ba ta nuna ba. Da Asuba rufin gida kawai Yaya ke hawa. Yanzu muna buƙatar shiga ɗakunan mutane da yamma, lokacin girki, cikin unguwar da yawancin mazaunanta ke tsoron duk wanda ya zo da takarda da biro. A rana ta farko ni da Khalilu ƙofa huɗu aka rufe mana. Nan aka ga amfanin mako takwas ɗin da muka ce sun tafi a banza. Kowane mai gadi ya san Yaya, ya gyara wa wasu famfo kyauta, ya sha shayi da wasu. Idan ya tsaya a ƙasa ya yi magana da mai gadi, sai a buɗe mana ƙofa har a kawo kujera. Na rubuta a jadawali cewa shi aikinsa ƙasa, mu za mu hau. Ya karanta, ya ce to. Tsawon kwanakin nan abin da ke haɗa ni da shi bai wuce to da a'a ba. Ina gaishe shi yana amsawa, amma ya daina tsokanata, ya daina tambayata ko na kira gida.

A rana ta shida bututu ya fashe a babban titi, aka ɗauke ruwan unguwar gaba ɗaya. Muka tsaya da geji a hannu muna kallon mata da jarkoki. Washegari ma haka. Kwanakinmu biyu na ajiya suka tafi lokaci ɗaya, kuma na san idan aka kai rana ta uku sai mun yanke gida ɗaya, ko mu yanke gwajin jawabi. Na zauna a bakin wani shagon ful, dafaffen waken Masar, ina ta kallon takardar. Yaya ya tafi wajen masu gyaran, ya leƙa ramin, ya yi magana da su, ya dawo ya ce gobe kafin Azahar za su rufe. Haka kuwa aka yi. Muka gama gida na goma ana kiran Magariba a ranar ƙarshe da jadawali ya ba mu. Bakwai daga cikin goman ba su da ruwa a hawan sama da yamma.

Daktora ta ce dole rahoton ya ƙunshi shafi ɗaya mai bayyana abin da ya faru da mako takwas na farko, da sunan mai yi da mai dubawa. Ni na rubuta shi. Yaya ya karanta ya gyara mini kwanan wata ɗaya.

Ranar kwamiti malamai uku suka zauna a gabanmu. Na tsakiya tsoho ne mai farin gashin baki, shi ne wanda Daktora ta gaya mini. Ya saurari jawabinmu yana ta juya shafuka. Da muka gama ya ce, kun yi alkawarin gida ashirin da huɗu kun kawo goma, ko rabi ba ku kai ba. Ya buɗe shafin nan ya karanta a bayyane, a hankali, kalma-kalma.

"Wane ne ya yi awon Asuba?"

Yaya ya miƙe. Tsohon ya tambaye shi me ya sa ya zaɓi lokacin, ya ba shi amsa yadda abin yake, ya ce da al'adar garinsa ya yi aiki bai tambayi ta nan ba. Tsohon ya shiga jefa masa tambayoyi a kan inji da tanki da faɗin bututu, ɗaya bayan ɗaya, kusan minti ashirin, da niyyar ya ga iyakarsa. Larabcin Yaya yana karyewa amma amsarsa ba ta karye ba. Sannan tsohon ya ce, mai dubawa fa? Na tashi. Ya ce, shi bai sani ba, ke kin sani? Na ce na sani. Ya ce, kin san da a wurin aiki ne, da wannan awon za a sayi inji, mutanen hawa na shida su ci gaba da ɗaukar jarka? Na ce na sani. Ya rubuta wani abu mai tsawo a gaban sunana.

Aka fitar da mu, muka tsaya a baranda kusan rabin awa. Yaya yana jan carbi yana kallon ƙasa. Da Daktora ta fito ta ce ƙungiya ta haye, da ƙyar, sai ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hularsa. Ni kuwa aka zaftare mini maki mai yawa. Shekara biyar ina riƙe da matsayi na ɗaya a cikin baƙin ɗalibai, a ranar ya kuɓuce. Na yi kuka, amma ban ce an zalunce ni ba.

Watan Yuni suka tafi. A filin jirgi Anti Hauwa ta rungume ni, shi kuma ya ce Allah ya sa mu gana, kamar yadda ya ce wa kowa. Na dawo ɗakinmu da ciwon abin a zuciyata. Na ci gaba da karatun digiri na biyu, ina taimaka wa Daktora Eman da duba jadawalin sababbin ƙungiyoyi. Na ji a bakin Muslim cewa an ba Yaya shugabancin wani sashe a hukumarsu, da matasa shida a ƙarƙashinsa. Wata tara bai neme ni ba, ni ma kunya ta hana ni wuce gaisuwar Sallah.

Sai wata rana ina cikin metro saƙon murya ya shigo daga lambarsa. Bayan gaisuwa ya yi ɗan gyaran murya.

"Fiddausi, na turo miki jadawalin rabon ruwa na unguwanni biyar, Litinin zan kai wa shugaba. Na nuna wa yaran ofishina, duk shidansu sun ce ya yi kyau, ranka ya daɗe. To shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Don Allah duba mini."

Na saurara sau uku, hawaye yana zubo mini a gaban mutane. Da na isa gida na buɗe jadawalin. Akwai kuskure a layi na bakwai, ya ba unguwa biyu ruwa lokaci ɗaya daga tankin da ba zai ɗauki nauyinsu ba. A take na gani. Sai da na yi kwana biyu kafin na iya kiransa na faɗa masa.